Ayyukan diyyar kabon

Ayyukan diyyar kabon ayyuka ne da ake gudanarwa domin rage iskar da ke ɗumama yanayi, ko hana fitarta, ko zuƙe ta daga sararin samaniya, sannan a sayar da wannan ragin ga wani kamfani, gwamnati ko mutum da ke son cike gurbin hayaƙin da yake fitarwa a wani wuri daban. Ana auna ragin da tan. Kowane tan ɗaya na iskar kabon dayoksaid, ko kwatankwacinsa na wata iskar, ana ba shi shaida guda ɗaya wadda ake kira takardar kabon. Hujjar tsarin ita ce iskar kabon tana gaurayewa a sararin samaniya, don haka tan ɗaya da aka rage a Kenya daidai yake da tan ɗaya da aka rage a Jamus ta fuskar ɗumamar duniya.

Da yawa daga cikin waɗannan ayyuka ana yin su ne a ƙasashe masu tasowa, kuma ana haɗa su da buƙatun jama'a kamar ruwan sha mai tsafta, wutar lantarki daga makamashi mai sabuntuwa da ingantattun murahu. Masu goyon bayan tsarin suna ganinsa a matsayin hanyar kai kuɗi ga al'ummomin da ba sa samun jari. Masu suka kuwa suna cewa yawancin takardun da aka sayar ba su wakilci ragin hayaƙi na gaskiya ba.

Tarihi

Ɗaya daga cikin ayyukan farko ya faru ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da kamfanin wutar lantarki na Amurka mai suna AES ya ba ƙungiyar agaji ta CARE kuɗi domin dasa itatuwa a ƙasar Guwatemala, a matsayin diyyar hayaƙin tashar kwal da yake ginawa a jihar Connecticut.

Tsarin ya shiga dokar ƙasa da ƙasa ta hanyar Yarjejeniyar Kyoto, wadda aka amince da ita a watan Disamba na 1997, ta fara aiki a watan Fabrairu na 2005. Yarjejeniyar ta kafa Tsarin Ci Gaba Mai Tsafta, wanda aka fi sani da CDM. A ƙarƙashinsa, ƙasashe masu arzikin masana'antu suna iya sayen takardun kabon daga ayyukan da aka yi a ƙasashe masu tasowa, su lissafa su cikin alƙawarinsu na rage hayaƙi. Aikin farko da aka yi wa rajista, a watan Nuwamba na 2004, shi ne na tara iskar gas daga jujin shara a ƙasar Burazil. Daga baya an yi wa ayyuka sama da 7,800 rajista, aka kuma fitar da takardu fiye da biliyan 2. Ƙasashen Sin da Indiya ne suka kwashi mafi yawan ayyukan, yayin da nahiyar Afirka gaba ɗaya ta sami kaso kaɗan ƙwarai.

Babban mai sayen takardun CDM shi ne kasuwar hayaƙi ta Tarayyar Turai, wadda aka buɗe a 2005. Da tattalin arzikin Turai ya shiga matsi, takardu suka yi yawa, kuma Tarayyar ta taƙaita irin waɗanda take karɓa, sai farashi ya faɗi daga kimanin Yuro 20 a 2008 zuwa ƙasa da Yuro 1 a ƙarshen 2012. Ayyuka da yawa suka tsaya, wasu kuma suka koma kasuwar sa-kai.

A 2015 aka ƙulla Yarjejeniyar Paris, wadda sashenta na 6 ya tanadi cinikin ragin hayaƙi tsakanin ƙasashe. An tsara dokokin wannan sashe a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, aka kammala muhimman sassansu a taron Baku a watan Nuwamba na 2024.

Kasuwanni da masu sa ido

Kasuwar kabon iri biyu ce. Akwai ta dole, inda doka ke tilasta wa kamfani ya rage hayaƙinsa ko ya sayi takardu. Misali shi ne tsarin CORSIA, wanda hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya ta amince da shi a 2016 domin jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe. Akwai kuma kasuwar sa-kai, inda kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane ke saye bisa raɗin kansu. Bisa alƙaluman ƙungiyar Ecosystem Marketplace, cinikin kasuwar sa-kai ya kai kimanin Dala biliyan 2 a 2021, sannan ya sauko zuwa Dala miliyan 723 a 2023.

Ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke tsara dokokin kasuwar sa-kai tare da ajiye rajistar takardu. Mafi girma ita ce Verra, mai hedikwata a birnin Washington. Ta biyu ita ce Gold Standard, wadda ƙungiyar kare muhalli ta WWF da wasu ƙungiyoyi suka kafa a 2003, mai hedikwata a Geneva. Gold Standard tana sharɗanta cewa kowane aiki ya nuna gudummawarsa ga aƙalla uku daga cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa, ciki har da na yaƙi da sauyin yanayi. Wannan ne ya sa yawancin ayyukan ruwan sha da na murahu suke yin rajista a wurinta.

Yadda ake samar da takardar kabon

Mai aiki yana farawa da rubuta cikakken tsari bisa hanyar lissafi da hukumar rajista ta amince da ita. Sai masu tantancewa masu zaman kansu su duba tsarin kafin a yi masa rajista. Bayan aiki ya fara, ana tattara bayanai a kai a kai, a sake tantance su, sannan a fitar da takardu masu lamba. Idan mai saye ya yi amfani da takarda domin diyyar hayaƙinsa, ana soke ta a rajista domin kada a sake sayar da ita.

Ana sa ran kowane aiki ya cika sharuɗɗa kamar haka:

Ma'aunin tushe: ƙiyasin hayaƙin da zai fita da ba a yi aikin ba. Da shi ake gwada ragin da aka samu.

Ƙari na haƙiƙa: aikin ya zama wanda ba zai yiwu ba in ba don kuɗin takardun kabon ba. Idan da ma za a yi shi, to takardunsa ba su rage komai ba.

Ɗorewa: ragin ya zama mai wanzuwa. Wannan matsala ta fi shafar itatuwa, domin gobara ko sara na iya mayar da kabon ɗin sama.

Hana ƙaurar hayaƙi: kada aikin ya tura ɓarnar zuwa wani wuri, kamar a hana sarar itace a wannan daji, masu sara su koma na kusa.

Hana ƙirga abu ɗaya sau biyu: kada ƙasar da aka yi aikin da mai sayen takardar duk su lissafa ragi ɗaya a matsayin nasu.

Ayyukan ruwan sha

Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya nuna cewa a 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha da ake samu a gida a duk lokacin buƙata. Ruwa marar tsafta yana yaɗa gudawa, kwalara da taifot. Alaƙar ruwa da kabon ta taso ne daga tafasa ruwa: a gidajen da ake tafasa ruwan sha da itace ko gawayi, samar da ruwa mai tsafta yana rage itacen da ake ƙonawa.

Ayyukan sun kasu kashi uku. Na farko shi ne gyaran rijiyoyin burtsatse da famfunan tuƙa-tuƙa da suka lalace, inda kuɗin takardu ke biyan kayan gyara da masu gyara shekara bayan shekara. Kamfanin CO2balance ya yi irin wannan aiki a ƙasashe kamar Yuganda da Malawi. Na biyu shi ne raba na'urorin tace ruwa a gidaje, kamar tukwanen tacewa na yumɓu da kamfanin Hydrologic ke ƙerawa a Kambodiya. Na uku shi ne sanya tankunan sinadarin kulorin a bakin rijiyoyi domin mai ɗiban ruwa ya ɗiga a jarkarsa, kamar yadda ƙungiyar Evidence Action ta yi a Kenya, Yuganda da Malawi.

Lissafin ya dogara ne kan abubuwa uku: yawan itacen da aka daina ƙonawa, hayaƙin da itacen ke fitarwa, da kason itacen da daji ba ya mayar da shi ta hanyar sake tofo. Kilo ɗaya na busasshen itace yana fitar da kimanin kilo 1.7 na kabon dayoksaid. A misali, idan gida ya daina ƙona tan ɗaya na itace a shekara, an hana fitar tan 1.7. Amma itacen da ke sake tsirowa yana zuƙe kabon ɗinsa, don haka ba a ƙirga shi. Idan aka ɗauka kashi 30 cikin 100 na itacen ne ba ya komawa, ragin ya zama kimanin rabin tan. Idan aka ɗauka kashi 90 ne, sai ya zama kimanin tan 1.5. Wannan lamba guda ɗaya tana iya ninka takardun aiki sau uku, kuma ayyuka da yawa na baya sun yi amfani da lambobi masu yawa.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ake kira buƙatar da talauci ya danne. Gidaje da yawa ba sa tafasa ruwa saboda tsadar itace ko rashin lokaci, suna shan sa haka nan. Hukumomin rajista sun yarda a lissafa itacen da irin waɗannan gidaje za su ƙona da suna da hali. Manufar ita ce kada a cire matalauta daga tsarin saboda ba su da hayaƙin da za su rage. Sai dai a irin wannan yanayi babu hayaƙin da ya ragu a zahiri, alhali mai sayen takardar yana ci gaba da fitar da nasa.

Ayyuka biyu a Gabashin Afirka sun nuna fuskokin lamarin. A 2011 kamfanin Vestergaard Frandsen ya raba na'urorin tace ruwa na LifeStraw kusan 900,000 kyauta a yammacin Kenya, da niyyar mayar da kuɗinsa daga takardun kabon. Wani bincike mai zaman kansa da aka wallafa a 2017 ya gano cewa gidajen da ke amfani da na'urorin ba su kai yawan da rahotannin aikin suka nuna ba. A Ruwanda kuwa, kamfanin DelAgua tare da Ma'aikatar Lafiya sun raba na'urorin tace ruwa da murahu ga gidaje kimanin 100,000 a 2014, a shirin Tubeho Neza. Binciken da aka wallafa a mujallar PLOS Medicine a 2019 ya nuna raguwar gudawa da kashi 29 cikin 100, da raguwar cututtukan numfashi da kashi 25 cikin 100, a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara 5, bisa bayanan da masu kula da yaran suka bayar.

Ayyukan makamashi mai sabuntuwa

Tashoshin wutar lantarki na iska, hasken rana, ruwa da zafin ƙarƙashin ƙasa suna samun takardu ne bisa wutar kwal, gas ko dizal da suka maye gurbinta. Ana ninka yawan wutar da tashar ta bayar da ma'aunin hayaƙin layin wutar ƙasar. A misali, tashar da ta bayar da megawat-awa 100,000 a shekara, a ƙasar da kowane megawat-awa ke fitar da tan 0.6, za ta sami takardu 60,000. Daga cikin manyan ayyukan Afirka da aka yi wa rajista a CDM akwai tashar iska ta Tafkin Turkana a Kenya mai ƙarfin megawat 310, tashoshin zafin ƙasa na Olkaria a Kenya, da madatsar ruwa ta Bujagali a Yuganda mai ƙarfin megawat 250.

A matakin gida akwai fitilun sola da ke maye gurbin fitilar kananzir, da rumbunan gas da ake cika su da kashin shanu da ruwa, su fitar da iskar girki. Shirin irin waɗannan rumbuna na ƙasar Nepal yana cikin ayyukan farko na CDM, an yi masa rajista a 2005. Wasu ayyukan kuma suna tara iskar metan daga juji ko gonakin dabbobi. A tsawon shekara 100, tan ɗaya na metan yana ɗumama yanayi kamar tan 28 na kabon dayoksaid, shi ya sa ƙona ta ko mayar da ita wuta ke samar da takardu masu yawa.

Da farashin sola da injinan iska ya sauko, manyan tashoshi suka fara cin riba ba tare da kuɗin kabon ba, sharaɗin ƙari na haƙiƙa ya yi rauni. Saboda haka, daga wajajen 2019 zuwa 2020 Verra da Gold Standard suka daina karɓar mafi yawan sababbin tashoshin da ke haɗe da layin wutar ƙasa, in ban da na ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba da wasu yanayi na musamman. Nijar, Chadi da Sudan suna cikin wannan rukuni, Najeriya, Ghana da Kamaru ba sa ciki.

Ingantattun murahu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da biliyan 2 suna girki da itace, gawayi, kara, kashin dabbobi ko kananzir, kuma gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020. Murhun duwatsu uku yana ɓarnatar da mafi yawan zafin itace. Ingantaccen murhu yana tattara zafin a gindin tukunya, don haka yana cin itace kaɗan. Kuɗin takardun kabon ne ke sauko da farashinsa ga masu saye. Lissafin iri ɗaya ne da na ruwan sha, kuma ya dogara kan ko gidan ya ci gaba da amfani da sabon murhun, ko ya ajiye shi, ko yana haɗa shi da tsohon.

Alaƙa da ci gaba mai ɗorewa

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17 a 2015. Ayyukan diyyar kabon sun fi taɓa muradi na 3 kan lafiya, na 5 kan daidaito tsakanin maza da mata, na 6 kan ruwa da tsafta, na 7 kan makamashi, da na 13 kan sauyin yanayi. Rijiyar da ke aiki a tsakiyar ƙauye tana rage wa mata da 'yan mata tafiyar ɗiban ruwa, murhu mai tsimi kuma yana rage kuɗin itace. Wani amfani shi ne, tun da ba a biya sai an nuna cewa famfo na aiki, mai aikin yana da dalilin komawa ya gyara, saɓanin ayyukan agaji da ake ƙaddamarwa a tafi.

A tsarin CDM ana ware kashi 2 cikin 100 na takardu ga asusun taimaka wa ƙasashe jure sauyin yanayi. Sabon tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kula da shi a ƙarƙashin sashe na 6 ya ɗaga kason zuwa 5 cikin 100, ya kuma tanadi soke aƙalla kashi 2 cikin 100 ba tare da kowa ya yi amfani da su ba.

A nahiyar Afirka

A Najeriya an yi wa aikin tara iskar gas da ake ƙonawa a Kwale, jihar Delta, rajista a CDM a 2006. A 2009 aka yi wa aikin murhun Save80 rajista, wanda ƙungiyar atmosfair ta Jamus ta gudanar tare da ƙungiyar DARE da ke Kaduna. Murhun na ƙarfe ne, kuma sunansa ya samo asali daga iƙirarin cewa yana tsimin kashi 80 cikin 100 na itace. Najeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a watan Nuwamba na 2021, wadda ta samar da majalisar ƙasa kan sauyin yanayi.

A Habasha, aikin farfaɗo da dajin Humbo, wanda ƙungiyar World Vision ta jagoranta, ya sami rajista a 2009. Ya yi amfani da dabarar renon tofon kututture wadda aka bunƙasa a jihar Maraɗi ta Nijar a shekarun 1980. Ghana ta ƙulla yarjejeniyar cinikin ragin hayaƙi da ƙasar Suwizalan a watan Nuwamba na 2020, sannan a 2022 ta amince da aikin farko, na rage metan a gonakin shinkafa ta hanyar sauya tsarin ban ruwa. A taron Sharm el-Sheikh na Masar a 2022 aka ƙaddamar da shirin kasuwannin kabon na Afirka, da burin fitar da takardu miliyan 300 a kowace shekara zuwa 2030. Kenya ta yi dokokin da suka wajabta ba al'umma aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin ayyukan da suka shafi ƙasar jama'a, da kashi 25 na sauran ayyuka.

Suka da gyare-gyare

Wani bincike da cibiyar Öko-Institut ta Jamus ta yi wa Hukumar Tarayyar Turai a 2016 ya kammala cewa kashi 85 cikin 100 na ayyukan CDM da aka duba, da wuya su kasance sun cika sharaɗin ƙari na haƙiƙa ba tare da zuzuta ragi ba. A watan Janairu na 2023 jaridun The Guardian da Die Zeit tare da ƙungiyar SourceMaterial suka ruwaito cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun kare dazuzzuka na Verra da suka bincika ba su wakilci ragi na gaskiya ba. Verra ta musanta hanyar da aka bi wajen lissafin. A watan Janairu na 2024 masu bincike na Jami'ar California da ke Berkeley suka wallafa a mujallar Nature Sustainability cewa ayyukan murahu da suka duba sun sami takardu kusan ninki 9 na ragin da suka samar.

Akwai kuma ƙorafin cewa dillalai suna cin kaso mai yawa na kuɗin kafin ya isa ƙauyuka, cewa wasu ayyukan dazuzzuka da na kiwo sun taɓa haƙƙin mallakar ƙasa na mazauna wurin, da cewa kamfanoni suna sayen takardu masu araha maimakon rage hayaƙinsu. A watan Maris na 2024 wata kotu a Holan ta yanke hukuncin cewa wasu tallace-tallacen kamfanin jiragen sama na KLM kan muhalli suna ruɗar da masu saye. A wannan shekarar Tarayyar Turai ta yi dokar da za ta haramta, daga watan Satumba na 2026, tallata kaya da cewa ba su da illa ga yanayi bisa dogaro da diyyar kabon.

Domin maido da amana, wata majalisa mai zaman kanta da ake kira ICVCM ta fitar da ƙa'idojin ingancin takardun kabon a 2023. A watan Agusta na 2024 ta ƙi ba da tambarinta ga hanyoyin lissafin makamashi mai sabuntuwa da ake amfani da su a lokacin, matakin da ya shafi takardu kimanin miliyan 236. Sababbin hanyoyin lissafi na murahu da ruwan sha suna rage kason itacen da ake ƙirgawa, suna kuma ƙarfafa amfani da na'urorin awo da ake maƙalawa a jikin murhu ko famfo, maimakon dogaro da amsar da mutanen gida suka ba mai tambaya. Wasu kamfanoni kuma sun daina kiran abin da suke saye diyya, suna bayyana shi a matsayin gudummawa ga ayyukan yanayi da ta zo bayan rage hayaƙin kansu.